Waiwaye: Yadda Steve Jobs ya haɗa zayyana, kimiyya da tawayen matasa a na'ura ɗaya

A ƙarshen shekarar 1964 ɗaliban Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suka tayar da ƙayar baya saboda an hana su harkar siyasa a harabar makaranta. Wasu daga cikinsu sun fito zanga-zanga rataye da katin kwamfuta a wuya, irin katin nan na kamfanin IBM da ake hudawa domin na'ura ta karanta. A jikin katin akan buga gargaɗi cewa kada a ninke shi, kada a soke shi, kada a lalata shi. Kukan ɗaliban shi ne jami'a ta fi tattalin wannan kati a kan ɗan Adam. A idonsu kwamfuta kayan hukuma ce. Tana cika ɗaki guda, tana hannun sojoji da bankuna da manyan kamfanoni, aikinta ta mayar da mutum lamba. Da yaƙin Biyetnam ya tsananta, ƙiyayyar ta daɗu.

Kusan shekara 20 bayan wannan bore, wani saurayi mai shekara 28 ya hau dandamali a garin Cupertino da ke jihar Kalifoniya, ya zaro kwamfuta daga cikin jaka, ya tallata ta a matsayin makamin 'yanci. Jama'a kuma suka yarda da shi, har da waɗanda suka rataya katin a wuya. Yadda aka yi wannan juyi shi ne labarin Steve Jobs, kuma a ganina ba a fahimtar wayar da ke aljihun mutanen yau sai an bi ta kansa.

Ruwa ba ya tsami banza. Yankin da Jobs ya tashi, kudu da birnin San Faransisko, a da gonakin 'ya'yan itace ne. A 1939 Bill Hewlett da Dave Packard suka kafa kamfaninsu a wani gareji a Palo Alto. A 1956 William Shockley, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro taransisto, ɗan ƙaramin makunnin lantarki da ake gina kwamfuta da shi, ya buɗe ɗakin bincike a Mountain View. Mutum takwas suka ɓalle daga wurinsa suka kafa Fairchild a 1957, daga Fairchild kuma aka samu Intel a 1968. Kuɗin da ya raini wannan masana'anta galibinsa na soja ne: kamfanin Lockheed yana ƙera makamai masu linzami a Sunnyvale, gwamnati tana sayen kayan lantarki babu ƙaƙƙautawa saboda gasar da take yi da Tarayyar Sobiyet. Tafiyar sa'a guda a mota zuwa arewa kuwa wata duniya ce daban. A unguwar Haight-Ashbury ta San Faransisko, a bazarar 1967, dubban matasa suka yi dandazo, sun bar gashi ya yi tsawo, sun juya wa yaƙi da aikin ofis da tarbiyyar iyayensu baya, suna neman ma'anar rayuwa a kiɗa da ƙwaya da addinan Asiya. Su ne 'yan hipi. 'Ya'yan injiniyoyin makamai da 'yan hipi aji ɗaya suke zama a makaranta, sau da yawa ma yaro ɗaya ne ke ɗauke da duka biyun.

Wanda ya fara gina gada tsakanin ɓangarorin nan shi ne Stewart Brand, kuma bai kamata a ba Jobs ladansa ba. A 1968 Brand ya fara buga wani kundi mai suna Whole Earth Catalog domin matasan da suka ƙaurace wa birane suka koma ƙauye suna zaman gayya. Kundin yana nuna musu inda za su samu kayan aiki: gatari, iri, littattafan gini da na noma, har da na'urar lissafi ta Hewlett-Packard. Tunaninsa shi ne ba fasaha ce abokiyar gaba ba, matsalar ita ce a hannun wa take. A ba mutum kayan aiki daidai ƙarfinsa, zai 'yantar da kansa ba sai ya jira gwamnati ko jam'iyya ba. A watan Disambar wannan shekarar Brand yana cikin waɗanda suka taimaka wa Douglas Engelbart a taron da ya fara nuna wa duniya linzamin kwamfuta da rubutu a fuskar na'ura. Jobs yana ɗan sakandare ya riƙa karanta kundin Brand, ya tafi da shi jami'a, bai kuma daina ambatonsa ba har ƙarshen rayuwarsa.

An haife shi ranar 24 ga Fabrairu, 1955. Mahaifinsa Abdulfattah Jandali ɗalibi ne ɗan garin Homs na Siriya, mahaifiyarsa Joanne Schieble ba'amurkiya ce, kuma tun yana jariri aka ba da shi riƙo ga Paul da Clara Jobs. Paul bai gama sakandare ba, makaniki ne mai sayen tsofaffin motoci ya gyara ya sayar. Jobs ya sha ba da labarin wani shinge da suka yi tare, inda uban ya dage sai an gyara bayan shingen kamar yadda aka gyara gabansa, ko da babu mai leƙawa. Yana ɗan shekara 12 ya duba littafin lambobin tarho ya kira Bill Hewlett har gida yana neman kayan haɗa wata na'ura. Hewlett ya ba shi kayan, ya ƙara masa da aikin hutu a masana'anta.

A 1971 ya haɗu da Steve Wozniak, wanda ya girme shi da kusan shekara biyar, kuma shi ne injiniyan gaske a cikinsu. Aikinsu na farko tare haramtacce ne. Wozniak ya karanta a mujallar Esquire yadda wasu ke yaudarar layukan kamfanin tarho na AT&T ta hanyar kwaikwayon sautin da na'urorin kamfanin ke gaya wa juna umarni da shi. Ya haɗa ɗan akwatin da ke fitar da sautin, sai mutum ya kira ƙasashen waje kyauta. Wozniak wasa ya ɗauke shi. Jobs ne ya ce a saka shi a mazubi a sayar, suka riƙa sayarwa a ɗakunan kwanan ɗalibai a kan dala 150. Daga baya Jobs ya ce ba don wannan akwati ba da babu Apple, domin a nan suka gane cewa samari biyu da kayan 'yan daloli za su iya juya na'urorin biliyoyin daloli. Tun ranar aka raba aiki: ɗaya ya ƙirƙira, ɗaya ya yi wa abin sutura ya sa masa kuɗi.

Ya shiga Kwalejin Reed da ke Portland a jihar Oregon a 1972, makaranta mai tsada wadda ta fi ƙarfin aljihun iyayensa. Bayan wata shida ya janye sunansa, amma bai bar harabar ba. Ya ƙara kusan shekara ɗaya da rabi yana kwana a ƙasa a ɗakin abokai, yana tara kwalaben lemo ya mayar a ba shi santi biyar-biyar, ranar Lahadi ya taka mil bakwai zuwa wurin ibadar mabiya Hare Krishna domin ya ci abinci mai kyau. Da yake babu darasin da ya zama masa dole, sai ya riƙa shiga wanda ya ga dama. Cikinsu har da ajin ƙayata rubutu na Robert Palladino, wanda ya shafe shekaru yana zaman zuhudu a wata ƙungiyar Katolika kafin ya koma koyarwa. A can Jobs ya koyi abin da marubutan Alƙur'ani da hannu a Kano da Barno suka daɗe da sani: harafi yana da jiki da ƙafa da tsayi, tazarar da ke tsakanin haruffa ita ma wani ɓangare ce ta rubutun, kuma ido yana gajiya ko ya huta gwargwadon yadda aka zuba shafi.

A 1974 ya samu aiki a Atari, kamfanin wasannin lantarki na Nolan Bushnell. Ya yi imani cewa mai cin 'ya'yan itace zalla ba ya buƙatar wanka a kai a kai, abokan aiki suka yi ƙorafi, aka mayar da shi aikin dare. Ya tara kuɗi ya tafi Indiya neman wani malamin Hindu mai suna Neem Karoli Baba, ya tarar malamin ya rasu tun watan Satumbar 1973. Ya yi watanni yana yawo da abokinsa Daniel Kottke, ya dawo da askakken kai. Abin da ya zauna masa dindindin shi ne tafarkin Zen na addinin Buddha, wanda ya koya a hannun wani malami ɗan Japan mazaunin Los Altos, Kobun Chino Otogawa, mutumin da ya ɗaura masa aure a 1991. Zen tarbiyya ce ta rage kaya: ɗaki babu tarkace, zama shiru, cire duk abin da ba dole ba. Duk wanda ya riƙe na'urar Apple ya ga ƙarancin madannai a jikinta ya ga sawun wannan tarbiyya.

Akwai kuma maganar ƙwaya, ba za a tsallake ta ba. Jobs ya sha LSD, ƙwaya mai sa gane-gane, a shekarun ƙuruciya, ya kuma faɗa da bakinsa cewa tana cikin abubuwa biyu ko uku mafi muhimmanci da ya yi a rayuwarsa. Ina ganin matasa na jin wannan magana suna ɗaukar ta ba daidai ba. Dubban tsararrakinsa sun sha abin da ya sha, ba su ƙera komai ba, da yawa ma hankalinsu ya tafi. Wozniak, wanda ya zana kwamfutocin Apple biyu na farko shi kaɗai, bai shiga wannan harka ba. Abin da ya raba Jobs da sauran shi ne ya dawo daga yawon ya zauna a kan bencin aiki, a garin da ake sayar da kayan lantarki a kowace kusurwa.

A watan Janairun 1975 mujallar Popular Electronics ta fito da hoton Altair 8800, kwamfutar da mutum zai saya a warwatse ya haɗa da kansa. Ranar 5 ga Maris aka yi zama na farko na wata ƙungiya mai suna Homebrew Computer Club a garejin Gordon French a Menlo Park. Abokin kafa ta, Fred Moore, ɗan gwagwarmayar ƙin yaƙi ne da ya yi zaman kurkuku saboda ya ƙi shiga soja. Wanda ya riƙa jagorantar zaman, Lee Felsenstein, yana cikin ɗaliban Berkeley da aka kama a boren 1964. Ƙa'idar wurin ita ce duk abin da ka gano ka raba wa kowa. Wozniak ya je zama na farko, ya koma gida ya fara zana kwamfutarsa, da ya gama ya riƙa raba zanen kyauta ga duk mai so. Ba kowa ne ya ji daɗin wannan al'ada ba. A farkon 1976 Bill Gates ya rubuta wa masu wannan sha'awa buɗaɗɗiyar wasiƙa yana zarginsu da satar manhajar kamfaninsa. Jobs bai rubuta wasiƙa ba. Ya dai ce wa Wozniak ya daina rabon zane, su buga allunan su sayar.

Suka kafa Apple ranar 1 ga Afrilu, 1976, tare da Ronald Wayne, wanda ya tsorata da bashi ya mayar da kasonsa na kashi 10 cikin ɗari a kan dala 800 cikin 'yan kwanaki. Jobs ya sayar da motarsa ƙirar Volkswagen, Wozniak ya sayar da na'urar lissafinsa. Sunan kamfanin ya biyo bayan zaman da Jobs ya yi a wata gonar tuffa ta 'yan zaman gayya a Oregon. Paul Terrell mai shagon Byte Shop ya yi odar guda 50 a kan dala 500 kowace, suka haɗa su a gidan iyayen Jobs.

A kan Apple II ta 1977 ne aka fara ganin hannun Jobs sosai, a kan ta kuma aka yi gardamar da har yau ba ta mutu ba. Ya ƙi akwatin ƙarfe irin na masu sha'awa, ya sa Jerry Manock ya zana mazubin roba mai santsi kamar kayan kicin. Ya ƙi fanka saboda ƙararta tana hana natsuwa, hakan ya sa Rod Holt ya ƙera wani sashen wuta da ba ya zafi sosai. Nan ga ɗabi'ar Zen ta haifar da aikin injiniya na gaske. Amma da aka zo maganar ramukan da mai na'ura zai iya cusa ƙarin kaya a ciki, Wozniak ya ce takwas, Jobs ya ce biyu sun isa, ɗaya na firinta ɗaya na layin tarho. Wozniak ya kafe, ya ci nasara. Waɗannan ramuka takwas suka ba ɗaruruwan ƙananan kamfanoni damar ƙera abin da zai shiga Apple II, kuma da manhajar lissafin kasuwanci ta VisiCalc ta fito a 1979, ofisoshi suka yi ta saye. Wannan ne karo na ƙarshe da Wozniak ya yi galaba a irin wannan gardama.

A Disambar 1979 Jobs ya ziyarci cibiyar binciken kamfanin Xerox da ke Palo Alto, bayan ya ba Xerox damar sayen hannun jarin Apple na dala miliyan 1. A can ya ga kwamfutar da ake sarrafawa da linzami da hotuna da tagogi maimakon buga umarni. Ana yawan cewa ya sace. Abin da ya faru ya fi haka tsawo. Linzamin Xerox mai madannai uku ne, yana cin kusan dala 300, yana saurin lalacewa. Jobs ya ce wa wani mai zane, Dean Hovey, yana son mai madanni ɗaya, wanda ba zai wuce dala 15 ba, wanda kuma zai yi aiki ko a kan wandon jins ɗinsa. Hovey ya shiga kanti ya sayo turaren hammata irin mai ƙwallo a baki da mazubin bota, da su ya haɗa samfurin farko. Bill Atkinson ya rubuta lissafin da ya sa tagogi ke hawa kan juna sumul. Ita Xerox da ta fito da tata kwamfutar a 1981 ta sa mata sama da dala 16,000, ba ta yi kasuwa ba. Masana kimiyya ne suka gano hanyar, amma sai da aka samu mai damuwa da hannun talakan mai saye kafin ta isa gidaje.

Aikin kwamfutar Macintosh ta Apple Jef Raskin ne ya fara shi, Jobs ya ƙwace a 1981. Ya tara matasa a wani gini daban, suka kafa tutar 'yan fashin teku a kan rufi, domin ya ce musu gara zama ɗan fashin teku da shiga rundunar sojan ruwa. Cikinsu akwai Susan Kare, wadda ta karanta fannin zane ba kwamfuta ba, ita ta zana ƙananan hotunan da ake dannawa da nau'o'in haruffa irin su Chicago da Geneva. Jobs ya sa a sake tsara allon cikin na'urar saboda layukansa ba su yi masa kyau a ido ba, alhali mai saye ba zai taɓa ganinsa ba. Da aka gama zanen mazubin ya sa kowa ya rattaba hannu a takarda, aka zana sa hannun a cikin kowace na'ura, domin a cewarsa mai zane yana sa suna a aikinsa. Ya taɓa cewa ba don ajin Palladino ba da kwamfutoci ba su samu kyawawan haruffa ba. Wannan ya wuce gona da iri, tun da na'urorin Xerox suna da su. Amma shi ne ya dage har suka zama abin da kowa ke tsammani, kuma da firintar LaserWriter da manhajar PageMaker suka zo a 1985, mutum ɗaya a ɗakinsa ya iya tsara jarida. Wannan damuwa da haruffa ta zauna a kamfanin ko bayan tafiyarsa: a ƙarshen shekarun 1980 Lee Collins da Mark Davis na Apple tare da Joe Becker na Xerox suka fara tsarin Unicode, wanda ta dalilinsa ne ƙ da ɗ da ɓ ke fita daidai a wayoyinmu.

Ranar 22 ga Janairu, 1984, aka nuna tallar Macintosh a lokacin wasan ƙarshe na ƙwallon Amurka. Ridley Scott ne ya shirya ta. Jerin mutane masu askakken kai cikin tufafi ruwan toka suna zaune suna kallon wani shugaba a ƙaton allo, sai wata mace ta sheƙo da gudu ta wurga guduma ta farfasa allon. Kowa ya gane IBM ake nufi. Boren Berkeley ne aka mayar talla. Sai dai na'urar da ake tallar, mai farashin dala 2,495, ba ta da ramin ƙara komai ko ɗaya, kuma an ɗaure ta da irin sukurun da sukundireban gida ba ya kaiwa gare su. An ba mai saye 'yancin yin zane da rubutu yadda ya so, an hana shi leƙa cikin abin da ya saya da kuɗinsa. A nan nake ganin Jobs ya tace gadon 'yan tawaye. Ya ɗauki ƙyamarsu ga manyan hukumomi, da son kyau, da yarda cewa kayan aiki na mutum ɗaya ne. Ya ajiye rabon ilimi kyauta da haƙƙin kowa ya buɗe ya gyara.

Cinikin Macintosh ya ja baya, ya yi rigima da John Sculley wanda shi da kansa ya ɗauko daga Pepsi, hukumar kamfanin ta goyi bayan Sculley, ya fita a 1985. Shekaru 12 da ya yi a waje sun fi nuna haɗin da ake magana. A 1986 ya sayi sashen zanen kwamfuta na kamfanin fina-finai na Lucasfilm, wanda ya zama Pixar. A can Ed Catmull, mai digirin digirgir a kimiyyar kwamfuta, yana aiki kafaɗa da kafaɗa da John Lasseter, mai zanen katun da ya fito daga Disney. Jobs ya yi shekaru yana zuba kuɗinsa ana asara, har fim ɗin Toy Story ya fito a 1995, fim mai tsawo na farko da aka yi gaba ɗaya da kwamfuta. Da za a gina musu hedikwata a Emeryville ya dage a zuba wurin cin abinci da akwatunan wasiƙu a babban zaure na tsakiya, domin dole mai lissafi ya ci karo da mai zane. Ɗaya kamfanin nasa, NeXT, ya ƙera baƙar kwamfuta mai tsadar da ta hana ta kasuwa. Amma a kan irinta ne Tim Berners-Lee ya gina shafin yanar gizo na farko a cibiyar binciken kimiyya ta CERN da ke Suwizalan a 1990, kuma a 1993 cibiyar ta sakar wa duniya fasahar kyauta, wato tafarkin Homebrew ke nan da Jobs ya bari.

Apple ta sayi NeXT a ƙarshen 1996, ya dawo a 1997 ya tarar kamfanin na dab da durƙushewa. Abin da ya fara fitarwa talla ce, ba na'ura ba: hotunan Einstein da Gandhi da Martin Luther King da Muhammad Ali da Bob Dylan, ana yabon waɗanda ba su bi layi ba. A shekarar ce kuma ya karɓi jarin dala miliyan 150 daga Microsoft. Daga nan abubuwa suka biyo juna da sauri tare da mai zane Jony Ive: iMac a 1998, iPod a 2001, kantin waƙoƙi na iTunes a 2003 inda ya shawo kan kamfanonin kiɗa su sayar da waƙa ɗaya a kan santi 99, sai iPhone a Janairun 2007. Yakan rufe jawabinsa da hoton allon kan titi mai nuna mahaɗar hanyoyi biyu, ta fasaha da ta ilimin adabi da zane. Ya ce a wurin Edwin Land, wanda ya kafa kamfanin kyamara na Polaroid, ya koyi son tsayawa a wannan mahaɗa.

Da farko ma bai so a bar kowa ya rubuta wa iPhone manhaja ba. Da ya amince a 2008, sai ta ƙofa ɗaya: kantin App Store, inda Apple ke tantance kowace manhaja, a lokacin kuma tana ɗaukar kashi 30 cikin ɗari na ciniki. Daga iPhone 4 aka fara ɗaure wayar da sukuru mai kai kamar fure mai ganye biyar, wanda sai da sukundireba ta musamman. Mai gyaran waya a kasuwar Farm Centre da ke Kano ya san wannan sukuru, ya kuma san saƙon gargaɗin da sababbin wayoyin ke nunawa idan aka canza musu batir ko gilashi da wanda ba na kamfani ba. Wannan saƙo bayan rasuwar Jobs ya zo, amma a kan turbar da ya shata ne. Dole a yi masa adalci: rufewar tana da amfaninta. Ita ta sa tsoho da yaro ke iya sarrafa wayar ba tare da an koya musu ba, ita ta rage ƙwayoyin cutar kwamfuta da damfara. Sai dai wanda ya fara neman kuɗi da akwatin yaudarar kamfanin tarho ya gina shingen da ya fi na kamfanin tarhon tsawo. Su kuwa masu haɗa wayar a wancan lokaci suna can Shenzhen ta ƙasar Sin, a masana'antar Foxconn, inda a 2010 ma'aikata fiye da goma suka faɗo daga saman gini suka mutu, har aka kewaye gine-ginen da raga.

Zaman tunani da cin ganye ba su tausasa masa hali ba. Ya yi shekaru yana musun 'yarsa Lisa da aka haifa a 1978, sai da gwajin jini da kotu suka shiga, ko da yake daga baya ta zauna a gidansa. Da Apple ta shiga kasuwar hannun jari a Disambar 1980 ya hana Daniel Kottke, abokin tafiyarsa Indiya, ko hannun jari ɗaya. Wozniak ne ya ɗebi nasa ya raba wa tsofaffin ma'aikata. Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne yadda yarda da kai, wadda ta yi masa rana a wurin aiki, ta cuce shi a jikinsa. A Oktobar 2003 likitoci suka gano masa ciwon daji a gaɓar da ke samar da sinadarin insulin, irin wanda ake iya yi wa tiyata. Ya ƙi wuƙa, ya shafe wata tara yana gwada tsarin abinci da allurar gargajiyar Sin da makamantansu, sai a Yulin 2004 ya yarda aka yi aikin. Daga baya ya nuna nadama. A Yunin 2005 ya yi wa ɗaliban Jami'ar Stanford jawabi a kan mutuwa da bin abin da zuciya ke so, ya rufe da saƙon bankwana na kundin Stewart Brand, mai cewa kada mutum ya ƙoshi da nema, kada kuma ya ji tsoron a kira shi wawa. An yi masa dashen hanta a 2009, ya sauka daga shugabanci a Agustan 2011, watan da Apple ta fara zarce kamfanin mai na Exxon Mobil a matsayin kamfani mafi daraja a kasuwar hannun jari. Ya rasu ranar 5 ga Oktoba, 2011, yana da shekara 56.

Gardamar ramuka takwas da biyu ta koma hannun majalisu da kotuna. Masu fafutukar haƙƙin gyara sun matsa, har Apple ta fara sayar wa jama'a kayan gyara da littafin umarni a Amurka a 2022. Dokar Tarayyar Turai ta tilasta mata komawa caja irin ta kowa daga iPhone 15 a 2023, wata dokar kuma ta sa ta buɗe ƙofa ga wasu kantunan manhaja a ƙasashen tarayyar a 2024. Wozniak ya fito fili a Yulin 2021 ya mara wa masu fafutukar baya. Ya ce a zamanin ƙuruciyarsa rediyo da talabijin suna zuwa da takardar zanen cikinsu, kuma ba don ya tashi a duniyar da ake buɗe na'ura a gani ba, da ba a kafa Apple ba.